Aikin ƙullutun muƙamuƙi: likitoci sun yi ƙoƙari, kwalbar gwaji ce ta ɓata min rai

Maganar gaskiya, ɓangaren tiyatar baki da muƙamuƙi na asibitin da muka je sun san aikinsu. Ƙanena ne ke da kumburi a muƙamuƙin ƙasa, ba zafi, ba ciwo. Hoton da ke ɗauko haƙora gaba ɗaya ya nuna rami a cikin ƙashi, kewaye da turmin ƙarshe da bai fito ba. Likita ya zuƙo ruwan ciki da allura. Da ya zo ruwan ɗorawa garai-garai, da hankali ya ɗan kwanta, amma sai ga shi fari mai kauri kamar kindirmo, alamar irin ƙullutun nan ne mai yawan dawowa bayan aiki.

Abin da ya burge ni shi ne ba su yi gaggawar ƙwaƙule shi ba. Ramin yana dab da jijiyar da ke ba leɓen ƙasa ji, kuma ƙashin ya yi siriri, yana iya karyewa. Sai suka huda ƙaramar ƙofa ta dasashi, suka ɗinke bututun roba a wurin domin ruwan ya riƙa fita, ramin ya tsuke a hankali, ƙashi ya cike gurbin. Wannan kan ɗauki wata 6 zuwa 12, sannan a cire ragowar. Wankewar ma sun koyar dalla-dalla: sirinji mai cin mililita 20, ba allura a bakinsa, ruwan gishiri na asibiti, safe da dare, a tura a hankali har ruwan ya dawo fes. In ka yi sakaci abinci ya toshe bututun, wari da mugunya za su biyo baya.

To amma naman da suka yanka daga bangon ƙullutun domin gwaji, nan ne raina ya ɓaci. Ƙa'ida ita ce a saka shi nan take cikin fomalin, ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, kuma ruwan ya ninka naman wajen sau 10. Mu kwalba aka miƙo mana da ruwan gishiri, aka ce mu kai ɗakin gwaji da kanmu, ranar Juma'a da yamma, an riga an tashi. Ruwan gishiri ba ya hana nama ruɓewa. Sakamako ya fito cewa naman ya lalace, ba ya karantuwa. Haba jama'a! Wannan gwajin fa shi ne kaɗai ke raba ƙullutu mai ruwa da wani ƙari na ƙashin muƙamuƙi da ake kira amelobilastoma, wanda a hoto suna iya kama da juna, amma shi sau da yawa sai an yanke wani sashe na ƙashi. Dole aka sake yi wa yaro allurar kashe zafi, aka sake yanka, aka sake biya, kuma ba wanda ya ce mana ku yi haƙuri.

Da na yi niyyar cewa kowa ya je ido rufe, amma ba zan faɗa ba. Ku je don hannun likitocin, sai dai kafin ku karɓi kwalba ku tambaya mene ne a ciki, ku duba an rubuta suna da kwanan wata, ku tabbata ɗakin gwajin a buɗe yake. In kuma gwaji ya tabbatar irin mai dawowa ne, ku nemi a rubuta muku ranakun hoton bibiya a kati, na aƙalla shekara 5, domin mu ba wanda ya rubuta mana sai da muka matsa.