Tafkunan Plitvice: wurin ya burge ni, yawon rukuni bai yi mini ba

Ƙanwata ce ta matsa sai mun je, don ta daɗe tana nuna mini hotunan wurin a waya, ni kuwa ina ce mata ai kwamfuta ce ta ƙara wa ruwan launi. Da muka samu kanmu a Zagreb, babban birnin Kuroshiya, sai muka biya wani kamfanin yawon buɗe ido kuɗin tafiyar yini guda zuwa gandun Plitvice: mota, tikitin shiga da ɗan jagora duk a ciki. Tafiyar ta kai kilomita 130, awa biyu da 'yan kai.

Gani ya kori ji. Muna shiga ta ƙofa ta 1, ba mu yi taku ɗari ba muka tsinci kanmu a bakin wani kwari mai zurfi, can ƙasa ga tafkuna a jere, wannan yana zuba cikin wancan, ruwan tsanwa shar a wani wuri, shuɗi a wani. A gefe ga Veliki Slap, magangarar ruwa mafi tsayi a ƙasar, mita 78, tana zubowa daga saman dutse. Ƙanwata ta juyo ta ce, "Yaya, wannan ma kwamfuta ce?" Na yi shiru.

Tafkunan 16 ne, 12 na sama, 4 na ƙasa, kuma abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ba mutum ya yi madatsun da suka raba su ba. Ruwan yana ratso duwatsun farar ƙasa yana kwaso sinadarinta a narke, in ya zo wucewa ta kan gansakuka da ciyayi sai sinadarin ya riƙa manne musu yana daskarewa har ya zama dutse mai ramuka kamar soso. A haka shingen ke ƙara tsayi kaɗan-kaɗan, wajen santimita ɗaya a shekara. Na durƙusa a gefen hanya na duba da kyau: reshen bishiya ne ya faɗa ruwa, rabinsa ya yi fari fat kamar an shafe shi da alli, ɗaya rabin yana nan itace. Ƙarƙashinsa kifaye sun yi cirko-cirko suna fuskantar inda ruwan ke zuwa, ana ganin har inuwarsu a ƙasan tafkin. A nan na gane dalilin da ya sa aka hana wanka a wurin, aka kuma hana sauka daga hanya. Tun 1949 aka mai da shi gandun ƙasa, UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1979.

Hanyar da ake bi ta katako ce, an shimfiɗa ta a kan ruwan, wani wurin ruwan na gudu a ƙarƙashin ƙafarka har kana jin katakon na rawa. Galibinta ba abin dafawa, faɗinta kuma da ƙyar mutum biyu ke giftawa. Inda feshin ruwa ke kaiwa akwai santsi, saboda haka mai silifas ya kuka da kansa.

To, a nan ne muka fara saɓawa da ɗan jagoranmu. Mutum ne mai fara'a kuma ya san wurin, amma agogo ke tuƙa shi. Ya ɗaga lema yana gaba, ka tsaya minti biyu sai ka ji yana kira mu taho kada jirgin ruwa ya bar mu. Mu kusan arba'in ne, bayaninsa na gaba-gaba kaɗai ke ji, mu na baya sai dai mu ga hannunsa yana nuni. Ga shi mun iso da hantsi a tsakiyar bazarar Turai, lokacin da motocin rukuni ke sauke mutane a tare. In wani ya tsaya ɗaukar hoto, duk layin ya tsaya. Gudun da ya sa mu yi kuwa bai tsinana komai ba, don a bakin tafkin Kozjak mun fi minti arba'in a layi cikin rana muna jiran jirgi.

Jirgin kansa ya wanke mini zuciya. Da lantarki yake aiki, babu hayaƙi babu ƙugin inji, sai ƙarar ruwa a jikinsa. Kozjak shi ne tafki mafi girma a cikinsu, zurfinsa ya haura mita 45, kuma ƙetare shi na ɗaukar kamar minti 20. A iya tafiyar nan, nan kaɗai na zauna na kalli dajin da ya kewaye mu ba mai ce mini in yi sauri.

Tafkunan sama, waɗanda a ganina suka fi kyau saboda ƙananan magangaru birjik da ke ɓullowa ta cikin bishiyoyi, a gurguje muka ratsa su. Prošćansko, tafkin da ke can ƙololuwa inda ruwan ke farowa, ko ƙeyarsa ba mu gani ba. Daga nan aka loda mu a motar gandun mai taragu kamar jirgin ƙasa, aka mayar da mu wajen ƙofa.

Ga wanda yini ɗaya kawai yake da shi kuma ba ya son wahalar neman mota, yawon rukunin zai fitar da shi kunya. Ni dai in Allah ya sake kai ni, zan sayi tikitina ta intanet, tunda ana zaɓar lokacin shiga kuma kuɗin jirgi da motar gandun duk suna ciki, in kwana a kusa, in shiga da sassafe ta ƙofa ta 2, in fara da tafkunan saman da aka yi mini rowarsu. Ƙanwata ta riga ta ce da ita za a koma.