Yini guda a gidajen jinkar Glencolmcille

Awa huɗu da ɗoriya muka yi a mota daga Dublin kafin mu isa Glencolmcille, can ƙuryar gundumar Donegal a arewa maso yammacin Ailan. Ƙarshen hanyar ya ba ni wuya, siririya ce ga lanƙwasa, ga tumaki a tsakiyar kwalta. Amma da muka gangaro kwarin, teku ya bayyana a gabanmu, gajiyar ta tafi.

Ƙauyen tarihin da Fada James McDyer ya kafa a 1967 ne ya kai mu. Wannan limamin Katolika ya zo garin a 1951, ya tarar matasa na ta kwarara Ingila da Amurka neman na kai, an bar tsofaffi da gonakin da duwatsu suka cinye. Ya haɗa kan jama'a, ya yi fafutukar kawo lantarki da sana'o'i. Duk wanda ya ga yadda ci-rani ke kwashe matasan ƙauye, labarin nan zai taɓa shi.

Gidajen ƙanana ne, farare, an shirya su yadda mutanen kwarin suka rayu a shekarun 1700, 1800 da 1900. Jinkar ce ta fi tsayar da ni. Ba ta da tsini, an lanƙwasa ta, an bi ta da igiyoyi an ɗaure su a turaku jikin bango, saboda iskar Atlantika ba ta wasa. Ina tsaye a wurin ta kusa tafiya da mayafina. A ciki kuwa ga murhu, tukunyar ƙarfe na rataye a kai, gefe ga curin baƙar ƙasar fadama da suke yankowa su busar ta zama makamashi. 'Yata ta ɗauki guda ta shinshina, ta ce, "Mama, yanzu ƙasa ce ke cin wuta?"

Mun sha shayi mai zafi a ɗan shagonsu, na ji ma'aikata biyu na hira da Gelik, harshen da har yau ake yi a kwarin. Kuɗin shiga bai taka kara ya karya ba. Sai dai a je da rigar ruwa, kuma kada a bari hunturu ya shiga, don rufewa suke. In Allah ya kai mu, zan koma ranar 9 ga Yuni in ga yadda suke zagaya tsoffin duwatsun waliyyinsu Colm Cille.