Hodar asfatik asid ko abinci: wanne za a zaɓa?

Samarin da ke ɗaga ƙarfe sun yawaita tambayata: su sayi hodar asfatik asid ne, ko abinci ya wadatar?

Jiki da kansa yana haɗa wannan sinadari, yana gina furotin da shi, hanta kuma tana amfani da shi wajen fitar da gubar amoniya ta fitsari. Nama, kifi, ƙwai, gyaɗa da awara duk suna ɗauke da shi, ba sai ka ware kuɗi daban ba.

Hodar kuwa yawanci wani nau'in sinadarin ce da ake kira D, ba wanda jiki ke gina furotin da shi ba, ana tallata ta da sunan ƙara sinadarin mazakuta na testosteron. Wani bincike a Italiya a 2009 ya ga ƙaruwa, amma na Ostareliya a 2015 kan masu ɗaga ƙarfe ya nuna giram 6 a rana rage shi ya yi. Abin da ke damuna ke nan: ga tsada, ga sakamako marar tabbas.

Mai lafiya da ke neman ƙarfin jiki, abinci ya ishe shi. Hodar ta dace da wanda likita ya auna jininsa, ya amince ya gwada.