Google, Facebook, TikTok ko Masu Tarin Mabiya: Ina Ya Dace Ka Zuba Kuɗin Talla?

Tambayar da ya kamata mai kasuwanci ya fara amsa wa kansa kafin ya sa hannu a aljihu ita ce: wanda zai sayi kayana, nemansu yake yi, ko kuwa sai ya gani yake sha'awa? Amsar wannan tambaya ce ke raba hanyoyin talla a intanet gida biyu. Mutumin da bututun ruwa ya fashe masa cikin dare ba ya buɗe Instagram yana jiran hoton mai gyara ya wuce ta gabansa, Google yake shiga ya rubuta abin da ya dame shi. Ita kuwa matar da ta sayi jaka bayan ta ga bidiyonta, da safe ko tunanin jaka ba ta yi ba. Na farkon ana tarar da shi a wurin bincike, ta biyun ana jan hankalinta a wurin kallo.

Ga mai kayan da ake nema, Google Ads ne kan gaba. Tun 2000 aka fara shi da sunan AdWords, aka sauya masa suna a 2018. Tsarinsa gwanjo ne: ka zaɓi kalmomin da kake so tallarka ta fito idan an rubuta su, ka faɗi iyakar abin da za ka iya biya, kuma a tallar bincike ba a cire maka komai sai an latsa. Ba lallai wanda ya fi taya kuɗi ne ke zama a sama ba, domin Google na duba dacewar tallar da abin da aka nema da kuma kyawun shafin da mutum zai sauka a kai. Har maki yake bayarwa daga 1 zuwa 10 don ka ga matsayinka. Ƙaramin ɗan kasuwa mai tsabtataccen shafi yana iya shan gaban babban kamfani mai shirme.

Inda kuɗi ke zurarewa a nan shi ne kalmomi masu faɗi. Ka ce kana tallata kwas ɗin koyon ɗinki, ka sa kalmar "ɗinki" kawai. Za ka biya kuɗin latsawar mai neman aikin ɗinki, da mai neman keken ɗinki na hannu, da mai neman darasi kyauta, alhali babu ɗaya a cikinsu da zai ba ka komai. Maganin yana cikin asusun: akwai rahoton da ke nuna ainihin abin da mutane suka rubuta kafin su ga tallarka, akwai kuma wurin sa kalmomin da ba ka so, irin su "kyauta" ko "neman aiki". Wanda ba zai iya zama ya duba rahoton nan duk mako ba, gara ya dakata da Google Ads. A kuma sani cewa Google na iya kashe ninki biyu na kasafin rana a yini guda, sai dai a wata ba ya wuce kasafin ranar sau 30.4. Mutane da yawa kan firgita ranar da suka fara ganin haka.

Kafin ma a kai ga biya, mai shago ko ofis da ake zuwa da ƙafa ya buɗe Google Business Profile. Kyauta ne, shi ke sa sunan wurin da lokutan buɗewa da lambar waya su fito a taswira, kuma sharhin kwastomomi a nan ya fi tallar biya tasiri ga mai neman wuri kusa da shi.

Kayan da ido ke saye kuwa, irin su sutura, kayan ado, kayan ɗaki da kwalliya, gidansu Meta. Facebook ya sayi Instagram a 2012, ya sayi WhatsApp a 2014, sannan uwar kamfanin ta koma Meta a 2021, don haka daga wuri ɗaya kake sarrafa tallar da za ta fito a Facebook da Instagram, har ka sa mata maɓallin da zai kai mutum kai tsaye cikin hira da kai a WhatsApp. Yawan jama'a ba abin tambaya ba ne, Facebook kaɗai ya haura mutum biliyan 3 a wata. Abin tambaya shi ne ko mabiyanka na ganin abin da kake wallafawa ba tare da ka biya ba, kuma amsar ita ce kaɗan ne daga cikinsu. A Janairun 2018 kamfanin ya sanar da cewa zai fifita rubutun 'yan uwa da abokai a kan na shafukan kasuwanci, kuma tun kafin nan ma isar shafukan tana ta raguwa.

Daga nan ne maɓallin Boost, wanda ake latsawa a biya kuɗi don abin da aka wallafa ya kai ga ƙarin mutane, ke yi wa mutane daɗin baki. Sauƙi gare shi, latsawa biyu uku an gama. Amma tsarin Meta abin da ka roƙa yake ba ka. Idan ka bar manufar tallar a kan samun yabo da sharhi, zai nemo maka mutanen da suka saba danna alamar so a kan komai, ka wayi gari da ɗaruruwan "ya yi kyau" babu ciniki ko ɗaya. Idan ka shiga Ads Manager, wato cikakken wurin tsara talla na Meta, ka zaɓi saƙonni ko saye, zai karkata ga waɗanda suka saba turo saƙo ko biyan kuɗi. Kowane mutum ɗaya zai fi tsada, amma shi ne wanda kake nema. Akwai kuma batun haƙuri. Meta na cewa rukunin talla na buƙatar kimanin sakamako 50 a cikin mako kafin tsarin ya gama koyon waɗanda suka dace, kuma duk babban gyaran da ka yi yana mayar da koyon baya. Mai taɓa talla kullum safe da yamma, shi ke hana ta zama.

Wani abu da ya sauya lissafi shi ne matakin Apple na Afrilun 2021, lokacin da sabon tsarin wayar iPhone, iOS 14.5, ya tilasta wa manhajoji neman izini kafin su bibiyi mai iPhone a wasu manhajojin. Meta da kansa ya ce abin zai rage masa kusan dala biliyan 10 a 2022. Ma'anarsa gare ka ita ce alƙaluman da kake gani a allo ba su cika kama duk cinikin da talla ta jawo ba, wani lokaci kiyasi ne. Tambayar kwastoma "a ina ka gan mu?" tana nan da amfaninta. Ni dai na fi yarda da littafin ciniki a kan allon kowane kamfani, tunda mai sayar maka da talla shi ne kuma mai ba ka rahoton nasararta.

Kafin ka tsara tallarka, leƙa Meta Ad Library. Kowa na iya shiga ya rubuta sunan shafi ya ga tallace-tallacen da yake gudanarwa a yanzu da ranar da aka fara kowace. Tallar abokin hamayya da ta yi watanni tana tafiya, da wuya a ce asara take jawo masa.

TikTok, na kamfanin ByteDance, ya bambanta ta fuska ɗaya mai muhimmanci: bidiyo na iya yaɗuwa ko da mai shi ba shi da mabiya, domin ana nuna wa mutane abin da ake ganin zai riƙe su ne, ba sai na wanda suke bi ba. Wannan dama ce ga sabon shiga. Farashinta shi ne lokaci da fuska, sai an yi ta ɗaukar bidiyo ba ƙaƙƙautawa, kuma talla mai kama da talla ana wuce ta cikin ƙiftawar ido. Idan babu wanda zai tsaya gaban kyamara a kasuwancinka, kada ka wahalar da kanka. YouTube ya fi dacewa da kayan da ke buƙatar bayani, kamar na'ura ko manhaja, sai dai a tallar da ake iya tsallakewa daƙiƙa 5 kacal gare ka kafin mai kallo ya gudu. LinkedIn na masu sayar wa kamfanoni ne, latsawarsa da tsada. X, wato tsohon Twitter, wurin zance ne da muhawara, ba kasafai ƙaramin mai kaya ke cin riba a can ba.

Sai masu tarin mabiya, waɗanda ake biya su ambaci kaya. A nan aka fi yin kitso da ƙwarƙwata, domin adadin mabiya abu ne da ake saye, kuma araha ba ta ado. Kada lambar da ke saman shafi ta ruɗe ka, sauka ƙasa ka karanta sharhi. Idan duk 'yan alamomin wuta da zuciya ne daga asusun da ba su da hoto, ka san inda aka dosa. Idan kuwa mutane na tambaya "akwai babban lamba?" ko "ya ake wanke shi?", to akwai masu rai a wurin. Nemi mai shafin ya nuna maka alƙaluman shafinsa daga wayarsa: ƙasashen mabiyan, shekarunsu, da yawan waɗanda suka ga abubuwan da ya wallafa kwanan nan. Mai mabiya kaɗan da ke magana a kan fanni ɗaya sau da yawa ya fi shahararren da ke tallata komai. Ba shi lambar rangwame tasa ta kansa don ka iya ƙirga waɗanda ya kawo, a rubuta yarjejeniya, kuma a bayyana cewa talla ce. A Amurka hukumar kula da kasuwanci ta FTC ta wajabta hakan, Birtaniya ma tana da irin wannan ƙa'ida, manyan dandalin kuma suna da alamar da ake sawa.

Duk waɗannan wurare rumfar haya ce, mai gida na iya ƙara kuɗi ko ya rufe ƙofa ba tare da ya shawarce ka ba. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke kusan awa shida. Indiya ta haramta TikTok a Yunin 2020, Google+, dandalin sada zumunta na Google, kuma ya rufe a 2019. Shi ya sa ko wace hanya ka zaɓa, wani kaso na ƙoƙarinka ya tafi wajen tara lambobi da imel na kwastomomi, da yardarsu. WhatsApp Business, wanda ya fito a 2018, yana da kundin nuna kaya da amsa ta kai tsaye da alamomin rarrabe kwastomomi. Jerin aika saƙo ga mutane da yawa yana ɗaukar 256, kuma wanda ya ajiye lambarka kaɗai zai samu. Tura wa baƙi saƙo barkatai hanya ce ta rasa layin gaba ɗaya. Imel ma haka, a Tarayyar Turai dokar kare bayanan mutane ta GDPR, da ta fara aiki a 2018, ta tsaurara batun izini.

Saura batun ko ka yi da kanka ko ka ɗauki kamfanin talla. Idan kasafinka ƙarami ne, ladan kamfanin zai cinye abin da ya kamata ya tafi ga tallar, don haka koyo ya fi. Idan ya yi kauri har kuskuren mako ɗaya zai yi ciwo, ƙwararre ya cancanci ladansa. Amma ka buɗe asusun talla da shafin da sunanka, kai ne babban mai iko, shi kuma ka ba shi izinin shiga wanda za ka iya janyewa. Kada ka miƙa kalmar sirri, kuma kuɗin talla ya fita daga katinka domin ka ga abin da dandalin ya cire daban da ladan aiki. Wanda ya yi maka alkawarin matsayi na ɗaya a Google ko adadin mabiya cikin mako, sallame shi. Wanda ya fara da tambayar ribar da kake samu a kan kowane kaya da sau nawa kwastoma ke dawowa, zauna da shi, domin da waɗannan alƙaluma biyu ne za a san iyakar abin da za ka iya biya don samun kwastoma ɗaya. Ku yi gwajin wata guda a hanya ɗaya tak, da kuɗin da za ka iya jure rasawa, kafin a sa hannu a kan doguwar yarjejeniya.