Katin bashin kanti: abin da na gani kafin katin ya iso hannuna

A farkon watan jiya na yi rajistar katin sayayya bashi a wani babban kantin kayan lantarki da ke Ikeja, kuma firiza ce ta kai ni. Wadda uwargida take sanyaya zoɓo da kunun aya na sayarwa a cikinta a gidanmu na Agege ta daina aiki, mai gyara kuma ya ce injinta ya ƙone, kuɗin gyaran ya kusa kai rabin kuɗin sabuwa. Albashi da sauran mako uku, ga zafin Legas ba ya jiran kowa.

Rajistar ba ta ba ni wahala ba. Sun karɓi lambar BVN mai lamba 11 da ta NIN, suka ɗauki hotona, suka nemi takardar shige da ficen kuɗin asusuna ta wata shida, sannan suka ce za su duba sunana a wurin kamfanonin da ke ajiye tarihin masu cin bashi, irin su CRC da FirstCentral. Kafin in dawo daga sallar azahar an amince. Katin roba, in ji ma'aikaciyar, zai same ni a gida cikin mako biyu, amma tun daga ranar ina iya sayayya da katin da ke cikin manhajar waya, wanda yake ɗauke da lamba 16 da ranar ƙarewar aiki da lambobi ukun nan na tsaro.

A wannan ɓangaren ban ga abin kushewa ba. Mai karɓar kuɗi ya haska alamar da ta fito a wayata, aka turo mini lambar sirri ta saƙon tes. Ta farko ta makara saboda rashin sabis a cikin ginin, har wa'adinta ya wuce, sai da na fita bakin ƙofa kusa da maigadi, wani dattijo Bazazzagi, wanda ya nuna mini gindin wani ginshiƙi ya ce, "Alhaji, tsaya nan, nan ne kowa yake samu." Ta biyu ta shigo nan take, kuma washegari da hantsi motar kantin ta sauke firizar a ƙofar gida.

Matsalar ta fito ne bayan kwana huɗu, lokacin da na je wani reshen nasu domin in ƙara sitabilaiza, saboda wutar unguwarmu tana yawan hawa da sauka, kuma ita nake zargi da kashe tsohuwar firizar. Na'urar POS ɗinsu ba ta karɓar komai sai katin da za a zura a danna PIN, ni kuwa ba ni da PIN, domin ba a bayar da shi sai katin roba ya iso an kunna shi. Da suka gwada ta manhaja, sai ta nuna cewa rabin adadin da aka amince mini kawai aka buɗe kafin isowar katin, firiza kuma ta riga ta cinye kusan duka. Babu wanda ya faɗa mini wannan a ranar rajista. Na biya da kuɗin aljihuna na kama hanyar gida.

Abin da ya fi damuna shi ne lissafin kwanaki. Na ɗauka wa'adin biya zai fara ne daga ranar da katin ya shigo hannuna, ashe tun ranar da na sayi firizar aka shigar da bashin cikin lissafin watan, ko katin ya zo ko bai zo ba. Sharaɗin yana nan a rubuce, amma can cikin dogon rubutun Turanci mai ƙananan baƙaƙe da mutum yake danna amincewa a kansa yana tsaye a layi. Ga wanda yake gudun riba wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin hanyar kauce wa kuɗin ruwa ɗaya ce, wato biyan bashin gaba ɗaya kafin ranar da aka yanka. Wanda ya biya ɗan mafi ƙarancin abin da manhaja take nunawa da manyan lambobi, ragowar za ta fara haihuwa. Allah ya sa na duba da wuri, na biya duka ranar da albashi ya shigo, saura kwana uku wa'adin ya cika.

Katin kuwa sai da ya yi kwana 26. Ɗan aiken ya zo sau ɗaya bai gane gidan ba, kuma ban ga laifinsa sosai ba, tunda lambobin gidajen layinmu ba a jere suke ba, ya mayar da shi ofis ba tare da ya kira ni ba. A ƙarshe ni na hau danfo na je na karɓo.

Mai albashi tsayayye da yake buƙatar abu guda cikin gaggawa, a reshen da ya yi rajista, zai ji daɗin katin wayar. Sai dai kafin ya bar teburin ma'aikaciyar ya sa ta rubuta masa ranar biya da adadin da aka buɗe masa a takarda, ya kuma nemi a ajiye masa katin roba a kantin ya zo ya karɓa da kansa.