Latin Grammy ko Premio Lo Nuestro: wanne ya fi daraja ga mawaƙiya?

Duka biyun bukukuwa ne na karrama mawaƙan Latin, wato galibi masu waƙa da harshen Sifaniyanci. Premio Lo Nuestro ce babba a shekaru. Tashar talabijin ta Univision ta fara ta a Miami a 1989, kuma yanzu masoya ne ke jefa ƙuri'a, don haka mai yawan mabiya ita ke da kasuwa. Har yau tana ware wa mata rukuninsu na waƙoƙin pop.

Latin Grammy kuwa sai a 2000 ta zo, amma 'yan sana'ar ne alƙalanta: mawaƙa, marubuta da masu haɗa sauti. Shakira ta Kolombiya ta ɗauki kyautar farko ta rukunin mata na waƙoƙin pop. Daga 2012 aka soke rukunin matan, aka haɗa su da maza. Ni dai na fi ganin nauyin Latin Grammy, domin a nan sai mace ta kayar da maza a gaban abokan sana'arta kafin ta yi nasara.