Sharhi kan shirin VIRTUS na kare yara a cocin Katolika na Amurka

Tun bayan da bishop-bishop na Amurka suka amince da yarjejeniyar kare yara daga cin zarafi ta hanyar lalata a birnin Dallas a shekarar 2002, an wajabta wa masu hidima da yara a coci samun horo, kuma VIRTUS na cikin shirye-shiryen da aka fi amfani da su. Zaman manya yana ɗaukar kimanin awa 3, inda ake nuna bidiyon waɗanda aka ci zarafinsu da na masu laifin suna bayyana dabarunsu na yaudarar yara. Wannan ɓangare yana da nauyi a zuciya, amma shi ne mafi amfani, domin yana koyar da gane alamun haɗari ba tare da cusa ƙiyayya ba, daidai da koyarwar coci cewa kowane ɗan Adam yana da daraja, ko da yake tausayi ba ya hana hukunci.

Shirin yana kuma da darussan yara kan irin taɓa jikin da bai dace ba, kuma su ne ke damun wasu iyaye, waɗanda ke ganin zancen taɓa jiki haƙƙin gida ne, kuma ina ganin damuwarsu tana da tushe. An ba su damar cire 'ya'yansu, sai dai shawarata ita ce su nemi kayan darasin su karanta tukuna.